Baƙin Gilashi a Hanyar Yanbu

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Babu gajiya. Mutanen gida duk ƙalau. To amma bawan Allah, tun ɗazu nake amsa gaisuwa ban san wa nake amsa wa ba. In fashi ka zo yi ka ɓata tafiyarka, babu komai a nan sai tsofaffin tayoyi da ni."

Alhaji Balarabe ne yake wannan magana, yana zaune kan kujerar roba a ƙofar shagonsa na gyaran babur, a wani lungu bayan babban titin Sultana. Shekara biyar ke nan da ya daina karɓar aikin mutane saboda gwiwoyi sun ce sun gaji, amma bai daina buɗe shagon ba. Kullum bayan la'asar yana nan da butar shayinsa. Wanda ke tsaye a gabansa kuwa, daga wuya zuwa sama babu fuska, sai wata hular kwano mai sheƙi, gilashinta baƙi wuluk, har tsohon yana hango farin gemunsa a ciki.

Ya gane ta tun daga bakin lungu. Duk Madina mutum ɗaya ya sani da take tafiya tana ɗan tsalle in murna ta cika ta. Wafa ce, 'yar ɗansa Abdulrauf, shekararta ashirin da bakwai, tana aiki a wani ɗakin gwajin jini a Aziziyya. A cikin jikokinsa goma sha huɗu ita kaɗai ce in ya yi mata Hausa take mayar masa da Hausa, don a gindin wannan kujerar ta girma.

"Ya jaddi! Kakana! Ni ce fa!" Muryar ta fito a toshe daga cikin hular.

"A'uzu billahi. Tukunya tana magana."

"Matarka ce, tsoho. Angon da ba ya gane amaryarsa ai sai a kai shi asibitin ido."

"Ni matata fuska gare ta. Mummuna dai, amma fuska ce."

Ta sa yatsa ɗaya ta ɗaga gilashin, sai ga idanunta suna rawa. Ta zaro wani kati daga aljihun jakarta ta kai masa har kan hanci.

"Karanta! Rukhsa! Lasisin tuƙa babur, da sunana da hotona!"

Tsohon ya karɓa. Ya riƙe katin da hannu biyu, ya juya shi, ya sake juyawa. Da babu kunya da ya tashi ya taka rawa. Sai ya gyara murya ya taɓe baki.

"Wanda ya sa hannu a wannan, ranar ya manto tabaransa a gida."

"Sau ɗaya na shiga jarrabawa na ci. Kai sau nawa ka yi?"

"A zamaninmu babur ne yake yi wa mutum jarrabawa. In ka dawo gida da haƙoranka, ka ci."

"Shi ya sa naka saura shida."

"Bakwai, marar kunya. Akwai ɗaya can ciki da yake hutawa."

Ta kwashe da dariya ta wuce shi, ta je ta yaye tamfol ɗin da ke lulluɓe da babur ɗinta a gefen ƙofa. Na hannu ta saya, ya zo yana tari kamar mai asma, tsohon ya kwashe wata guda yana kwance shi yana ɗaurawa. Yanzu ga shi ja jawur, sarƙa ta sha mai, tayoyi sababbi, birki kamar an ɗaure da igiya. Wafa ta zagaye shi sau biyu tana shafa tanki.

"Ma sha Allah! Ya jaddi, gobe Asabar Yanbu za ta san na zo. Mu huɗu ne, duk mata, Yaya Musaddiq zai bi mu a baya da mota. Muna sallar asuba mu ɗauki hanya, mu ci kifi a bakin teku, mu juyo bayan la'asar. Yalla, miƙo makulli."

Ta miƙa hannu. Alhaji Balarabe ya tsiyaya shayi a ƙaramin kofi, ya kurɓa a hankali.

"Da wannan daren da kika kifa a fuska za ki je?"

"Wannan? Wannan ai shi ne gayun duka! Kowa irinsa yake sawa yanzu. Ga shi ma sutura ce, babu wanda zai ga fuskata a titi. Kamata ya yi ka sa mini albarka."

"Mai niƙabi dai tana ganin gabanta."

"Ni ma ina gani. Ga ka nan, tsoho ɗaya, kofi ɗaya, rowa buhu guda."

"Doka fa?"

"Wace doka? Doka ta ce a sa hula, na sa hula."

"Ta ce a sa hula. Ban ji inda ta ce a sa duhu ba."

"Mai shagon da na saya ya ce ma fi mushkila, wai babu matsala."

"Mai shago! Ki koma ki tambaye shi ko hular tana maganin mura, zai ce miki ma fi mushkila, a sha sau uku bayan abinci."

"To motoci nawa ne suke yawo a garin nan da baƙin gilashi?"

"Na gefe da na baya. Je ki shafa wa na gaban direba baƙi, ki bi ta gaban 'yan murur masu kula da titi, ki dawo ki ba ni labari. Ke kuwa gilashi ɗaya tak gare ki, kuma shi ne na gaba."

Wafa ta zaro wayarta tana latsawa da sauri.

"Na bincika fa, ba haka kawai na saya ba. Akwai inda aka rubuta cewa in dai rabin haske yana shiga ta gilashin, da rana babu laifi."

"A wace ƙasa?"

Ta sake duba wayar. "Ingila, ina jin."

"Madalla. Gobe sai ki bi ta Ingila ki je Yanbu."

"Ya jaddi!"

"Madina fa, me wayar ta ce?"

"Kowa da abin da yake faɗa. Wani ya ce ya shekara uku da shi babu wanda ya tanka masa, wani ya ce an taɓa tsayar da shi."

"Wato ba ki sani ba."

"Kai ka sani?"

Nan ta kama shi. Ya sosa gemu. Gaskiya bai sani ba, kuma bai saba yi mata ƙarya a kan abin da ya shafi titi ba.

"Ni ban haddace takardarsu ba. Ranar Lahadi ki je ofishinsu da hular a hannu ki tambaya, baki gare ki, har ya yi yawa. Abin da na sani shi ne, in aka tsayar da ke a shingen bincike, ba mai shago ne zai amsa tambaya ba, kuma ba Ingila ba ce. Bar ma zancen doka. Yanbu a ina take?"

"Bakin teku."

"Gabas ko yamma, malamar gwajin jini?"

"Yamma."

"Da safe rana tana ina?"

"Gabas mana."

"Wato tana bayanki. In kin juyo bayan la'asar kin fuskanci gabas, ita kuma ta koma ina?"

Wafa ta mayar da wayar cikin jaka.

"Kin ga," in ji tsohon, yana buga gwiwa don daɗi, "kin je kin sayo maganin ranar da za ta wuni tana kallon ƙeyarki! Da a ƙeyar aka liƙa miki gilashin da ya fi amfani."

"Hanyar miƙaƙƙiya ce kamar sanda? Babu kwana? Kwalta fa? Da tsakar rana kwalta tana ƙyalli kamar an zuba mata mai, yashi yana watso haske daga ko'ina. Kai da ka ce ka bi hanyar nan sau ɗari, ko a kan jaki ka bi ta?"

Wannan ma gaskiya ne, ya sani. Ya tuna yadda idanunsa suke yin ja kamar barkono in ya dawo daga can. Amma bai yarda ya nuna ba.

"To mu daina cacar baki. Sauke gilashin, ki tsaya nan cikin rana. Yawwa. Kin ga ɗakin ciki? A kan teburin hagu akwai sifana mai lamba goma. Zan ƙirga goma. In kin kawo mini ita kafin in gama, makulli naki ne."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ɗakin nan taga gare shi, ni a ciki nake aiki ban kunna fitila ba. Kamar kin fito daga rana ne kin faɗa hanyar ƙarƙashin ƙasa, irin wadda za ki bi kafin ki fita gari."

"Tsoho, fara yi wa makullinka bankwana."

"Ɗaya."

Ta shige da gudu. Yana cewa biyu ya ji ƙwal, kan hula ya gaisa da katakon da ake rataye tayoyi. Yana cewa huɗu wani bokiti ya kife, ƙusoshi suka watse. Wata kyanwa da take kwana a bayan akwatin kayan aiki ta fito a guje jela a sama, ta bi lungu ba ta waiwayo ba.

"Shida. Ki bar mini bango a tsaye, haya nake."

"Ka kashe fitila da gangan!"

"Babu fitilar da aka kunna balle a kashe. Takwas."

Yana cewa goma ta faɗo waje, hannu a sama kamar wadda ta ciwo kofi, ƙafarta ɗaya ta taka tiren baƙin mai tana barin sawu a kan siminti.

"Ga ta!"

Alhaji Balarabe ya dubi abin da ke hannunta. Kafaɗunsa suka fara rawa. Ya ajiye kofin shayi don kada ya ƙone kansa, sannan ya saki dariya har hularsa ta zame.

"Cokalina ne! Cokalin da nake cin wake da shi!"

Ta ɗaga gilashin ta duba. Cokali ne kuwa.

"Lamba goma ne shi ma," in ji ta. "Bakinka ne ya goge rubutun."

"Allah ya sa ranar da tayarki ta yi faci akwai miya kusa."

"Tayyib. Ka ci wannan. Saura nawa gwajin. Tashi."

"Ina za ni?"

"Tashi mana, ango. Juya can. Ka ga allon gidan burodin da ke bakin lungu? Karanta mini lambar wayar da ke ƙasa."

Rana ta riga ta sauko, ta tsaya daidai bakin lungun kamar an rataye ta. Tsohon ya miƙe yana dafa gwiwa, ya ƙanƙance ido, ya kare da tafin hannu.

"Hannu a kan birki yake, sauke shi," in ji Wafa.

Ya sauke. Hawaye suka fara gangaro masa.

"Sifiri... biyar... sauran sun gudu."

"Allah sarki, mijina yana kuka. Kada ka damu, ba zan sake ka ba sai na gaji shagon."

Kafin ya ankara ta cire hular daga kanta, ta gyara mayafi, ta tsige tasa hular ta zane, ta kifa masa ta kwanon. Kunnuwansa suka lanƙwashe, gemu ya maƙale a maɗauri, yana ta faɗa a ciki babu mai jin abin da yake cewa. Ta sauke gilashin. Sai faɗan ya tsaya cak.

Duniya ta yi sanyi. Ranar da take soke masa ido ta koma kamar lemun zaƙi. Ga allon tarwai, ga lambobin a jere, har wata tattabara da ke zaune a kan allon yana ganinta.

"Kai! Kai, kai, kai! Sifiri biyar biyar... har da tattabara! Wafa, wa ya ƙirƙiro wannan abu?"

"Ka gani? Ka gani?" Tana tsalle tana tafi. "Tsaya haka, kada ka motsa." Ta ɗauke shi hoto, jallabiya fara, takalmin soso, kai kamar na ƙwaro. "Yau dangi za su sha kallo. Har na Jidda sai na aika wa."

"In kika aika na sake ki."

"Saki nawa ke nan? Tun ina shekara biyar kake sakina."

Da ƙyar suka zare hular, ta tafi da gashin gemu biyu. Ya zauna yana haki, ya ɗora ta a cinya yana shafawa da sha'awa irin ta mai sana'a. Kaya ne mai kyau, babu ƙarya. A nan babban yatsansa ya ji wani ɗan rubutu a gefen gilashin, ƙanana ƙwarai, na Turanci.

"Zo karanta mini wannan."

Ta leƙa. Ta ɗauke kai.

"Ya ce an yi shi don kyawawa kaɗai."

"To me ya kawo shi hannunki? Karanta da tsoron Allah."

"Ya ce... a yi amfani da shi da rana kaɗai."

"Wanda ya ƙera shi ne ya rubuta, ko ni?"

"Shi ne."

"Asuba rana ce?"

"Ta kusa."

"Magariba fa, in ta riske ku a hanya?"

"Ba ta daɗe da wucewa ba."

"Ina farin gilashin da hular ta zo da shi? Kada ki ce babu. Shekara arba'in da biyar ina wannan sana'a, hula da fari take zuwa, baƙin daga baya ake ɗaura shi."

"Na bar shi a shagon. Ba na so. Yana sa mutum ya yi kama da mai kai saƙon abinci."

"To ni ma na bar makulli a aljihu."

Sai wasan ya yi sanyi. Wafa ta tsaya ta dube shi, dariyar ta bar fuskarta.

"Da gaske kake?"

"Da gaske."

"Shekara biyu ina koyo, ya jaddi. Ranar hutuna ba na hutawa. Ƙawayena suna jirana, ni ce ma na haɗa tafiyar. Yanzu saboda gilashi? Kai ma ka koma irin Baba ke nan."

Wannan ta soke shi. Watanni uku da suka wuce, shi ne ya je har gidan Abdulrauf ya zauna, ya ƙi shan ko ruwa sai da ɗan nasa ya yarda yarinyar ta hau babur. Ya ce masa, ka bar ta a wuyana, ni zan gyara babur ɗin da hannuna, yadda ta fita haka za ta dawo maka. Ita ba ta san da wannan alkawarin ba, ta ɗauka Baba ne ya sauko don kansa.

Bai faɗa mata ba. Sai ya janyo wata kujera da ƙafa.

"Zauna." Ya naɗe jallabiya da wando zuwa gwiwa. Wani dogon tabo ya bi ƙaurinsa daga sama har idon sawu. "Wannan na mene ne?"

"Raƙumi. Ya tare maka hanya a wajen Badar, kuka yi kokawa, ka kayar da shi. Mun ji sau dubu. Kowace shekara raƙumin yana ƙara tsawo."

"Babu raƙumi."

Ta zauna.

"Saura mako biyu a ɗaura mana aure da kakarki Mariyamu, Allah ya jiƙanta. Na sayi wani baƙin tabarau, ina jin duk Madina babu kamata. Na san bayan magariba takan hau soro ta kwashe shanya. Sai na ɗauki babur na ce bari in bi ta ƙofar gidansu ta gan ni. Duhu ya fara, wanda na goya yana ce mini Balarabe cire tabaran nan, ina ce masa sai mun wuce gidan. Wani mai amalanke ya ajiye ta a gefen hanya da duwatsun gini. Ban gan ta ba sai da na ji ni a cikinta."

"Ita ta gani?"

"Ita ta fara kururuwa daga kan soro. Wata uku aka ɗaga biki. Shekara hamsin muna tare, ba ta taɓa tona ni ba. In na fara labarin raƙumi sai ta tashi ta shiga kicin."

Wafa ta toshe baki da hannu, dariya tana neman ƙwacewa. Sai ta ga shi ba dariya yake ba.

"Wa ka goya?"

"Ja'afaru."

"Baba Ja'afaru abokinka? Mai ɗingishi? Ai cewa ya yi daga kan dabino ya faɗo."

"Ba daga dabino ya faɗo ba. Daga bayana ya faɗo. Shi ya ƙirƙiro dabinon don kada dangin kakarki su ce ba za su ba mahaukaci 'ya ba. Tawa ƙafar ta warke. Tasa kina ganinta kullum in zai shiga masallaci."

Ya sauke wandon ya gyara jallabiya. 

Wafa ta daɗe tana kallon takalminta da ya sha baƙin mai. Sannan ta janyo jakarta, ta zuge zif, ta tura hannu can ƙasa, ta fito da wani abu naɗe cikin ƙyalle mai laushi. Ta warware. Farin gilashi ne, sabo fil, ko ledar jikinsa ba a ɓare ba.

Alhaji Balarabe ya dubi gilashin, ya dube ta.

"Wannan ne wanda kika bari a shago?"

"Ya biyo ni."

"Maƙaryaciya."

"Gado na yi. Mai raƙumi."

Dariyar da ta ƙwace masa sai da ta tayar da tattabarar kan allo. Ita ma ta biye masa tana share ido da gefen mayafi.

"To saurara," in ji ta, murya ta dawo da ƙarfinta. "Fari daga asuba har rana ta ɗaga. In mun tsaya shan shayi a Badar in sa baƙi. In za mu juyo, kafin rana ta yi ja, in mayar da fari. Ranar Lahadi kuma in je in tambaya, in suka ce a'a, baƙin ya zama naka, ka riƙa karanta allon burodi."

"Kin iya canjawa?"

"Mai shagon ya nuna mini."

"Ma fi mushkila ya nuna miki? Zauna ki yi a gabana. Sau uku."

Karon farko ta kusa karya ɗan maɓallin gefe, ya buge mata hannu da cokali. Karo na biyu ta sa shi a karkace, ya ce ko raƙumin da babu shi ya fi ta iya aiki. Karo na uku ya shiga da ƙas, ta ɗaga ta sauke, ta ɗaga ta sauke, babu gargada.

Tsohon ya sa hannu a aljihu ya fito da makulli. Bai ba ta nan take ba. Ya tashi ya shiga ciki, ya buɗe wani akwati, ya dawo da safar hannu ta fata, tsohuwa amma an shafe ta da mai ta yi laushi. Ya zura makullin cikin ɗaya ya miƙa mata duka.

"Sun yi miki girma kaɗan. Ki ci abinci."

Ta karɓa da hannu biyu. Ta sunkuya ta sumbaci goshinsa, sannan ta goge bakinta da bayan hannu.

"Giris."

"Turare ne, ba ki san kaya ba. Yalla, tayar mu ji."

Ta sa hula, ta zura safar, ta haye. Ta murɗa makulli ta danna. Injin ya amsa da wata murya mai kauri, santsi, babu tari babu kakari, har ƙofar ƙarfen shagon tana karkarwa. Gashin jikin tsohon ya tashi. Wata guda yana jin wannan ƙarar shi kaɗai, yau ga ta a ƙarƙashin mai ita.

"Kin ji? Kin ji wannan? Hannuna ne wannan! Ƙara mata wuta kaɗan!"

Ta ƙara. Ya ɗaga hannu sama yana juyi kamar yaro ranar salla, gwiwoyin da suka gaji sun manta da gajiya. Kafin ta ankara ya tattare jallabiya, ya dafa kafaɗarta, yana ƙoƙarin ɗaga ƙafa ya hau baya.

"Kai ni bakin lungu ki dawo da ni. Bakin lungu kawai."

Wafa ta kashe injin. Ta juyo a hankali.

"Ina hularka?"

"Ga ta can kan kujera."

"Ta kwano, ba ta zane ba."

"Haba, bakin lungu ne fa! Taku talatin!"

"Doka ta ce a sa hula. Wannan kam ni da kai duk mun haddace ta. Sauka, bawan Allah."

Ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama, baki buɗe. Ya duba cikin shagon, inda hular kwanonsa ta dā take rataye, ta tsage gida biyu tun shekaru, yana zuba ƙusoshi a ciki. Ya dubi jikarsa. Sannan ya sauke ƙafar a hankali, ya koma ya faɗa kan kujerarsa, yana dariya har da tari, yana ɗaga hannu biyu sama.

"Kin ci, 'yar nema. Wallahi kin ci. Je ki. Amma in kika dawo daga Yanbu babu kifi, kada ki biyo ta lungun nan."

"Wane iri kake so?"

"Babba. Marar ƙaya."

"Da haƙori shida? Zan sa a daka maka."

"Bakwai!" ya ɗaga murya, amma ta riga ta tayar da injin.